Duron da Na Kai Bilbis

Shekarar da kurkunu ya kwantar da Baba, ina aiki a wata masaƙa a Gusau. Na zo gida Bilbis tsakiyar damina na tarar da shi a zaure, ƙafa ta kumbura kamar turmi, ana naɗe farar tsutsar a jikin tsinke, kullum ɗan kaɗan. Gonar gero kuwa ciyawa ta cinye ta. Mutum goma sha ɗaya ne ke ci daga ƙafafun nan biyu. Tun ranar tsoro ya shige ni, ko moɗa aka miƙo mini sai na leƙa cikinta.

Wani duba-gari, maƙwabcina a Gusau, ya ce mini a ruwan tafki abin yake, kuma sai ya shekara a jikin mutum kafin ya ɓullo. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali. Ashe mutum zai yi ta harkarsa yana dariya, abu na girma a cikinsa.

Da kaka ta yi na shiga kasuwa neman abin tace ruwa. Wani mai shago ya nuna mini na ƙarfe mai hawa biyu, fari fat, yana ɗigo kamar kyautar marowaci. Kyau kam akwai, amma na gidan mutum uku ne. Na tuna randunan Inna guda huɗu, na ajiye masa kayansa. Duba-garin ya raka ni wurin wani mai walda da ke haɗa duro: famfo a gindi, tsakuwa a ƙasa, gawayi a tsakiya, lallausan yashi a sama. Sau uku ina sa a zuba jan ruwan kududdufi, ina tsaye sai na ga ya fito garau.

"Malam," in ji mai waldan, "ko amarya kake zaɓe ai ka gama."

Ban yi dariya ba. Na ɗora duron a mota zuwa Tsafe, daga nan sai gida. Na kafa doka kamar sabon dagaci: kowa daga famfon nan zai sha, kuma kullum Inna ta cika wa Baba goransa kafin ya fita gona. Ta ce ruwan lami ne, amma ta bi.

Allah ya sa damina ta gaba ta same shi a tsaye. Lokacin maimai na zo, na bi shi gona da la'asar. Goran na rataye a reshe, na girgiza na ji wayam. Gwiwoyin wandonsa kuwa duk laka, alhali gonar jigawa ce.

"Baba, ina ruwan?"

"Wani Bafillace yab biyo da ɗiyanai, ƙishirwa ta kama su. Na ba su."

"Ku kuma fa?"

Ya nuna tafkin da ke bayan gonar da haɓa. "Kurɓi biyu dai ne."

Ban taɓa ɗaga wa mahaifina murya ba sai ranar. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Kai da an roƙe ka ruwa, mi za ka yi? Hanawa?"



Na koma Gusau da wannan kurɓi biyun a zuciyata. Kowane wata ina zuwa, kuma idan na durƙusa gaishe shi, baki na gaisuwa, ido na kan idon sawunsa. Ya sani, ni ma na san ya sani, ba wanda ya taɓa tankawa. Kaka ta wuce lafiya, rani ya wuce, har na fara jin kunyar faɗan da na yi masa.

Aka yi ruwan shuka ranar wata Alhamis. Na iso da safe, iri na cikin ƙwarya a ƙofar zaure, kowa ya shirya, Baba na zaune bai tashi ba. Na durƙusa. Kafin in buɗe baki, ya ja bakin rigarsa a hankali ya rufe ƙafar hagu.