Burushin Halliru Mai Aski

Shekara ashirin ke nan Halliru yake yi mini aski a shagonsa na Sabon Gari, duk da abin da ya rage mini a ka yanzu bai isa a kunna kilifa dominsa ba. Yakan leƙa tsakiyar kaina ya ce, "Malam, nan wurin dai Allah ya riga ni."

Ɗan wanzaman Lajawa ne, ya bar aska da ƙaho ya kama kilifa tun yana saurayi. Taƙamarsa ɗaya, tsafta. Ba ya taɓa kan kowa sai ya zuba wa kilifa sifirit ya ƙyasta laita, ya ɗaga ta sama yadda masu wucewa ma za su shaida wutar.

Shi ya sa bara, da makero ya bi kan yaran unguwa aka ce daga shagonsa ne, Halliru ya rame. Iyaye suka janye 'ya'yansu. Saura wata guda Sallah, lokacin da mai aski ke samun na shekara, amma bencinsa daga ni sai ƙuda.

Ana haka Dakta Lubabatu ta zo, 'yar maƙwabcinsa da ke binciken cututtukan fata a jami'a. Bayan doguwar gaisuwa ta ce, "Baba, gashin yaran nake so kaɗan, kuma zan goga auduga a kayan aikinka."

"Gashi kuma, 'yar nan? A garin nan?"

Yana da dalilin tambaya. Mu nan ba ma barin gashinmu a hannun wani, shi kansa Halliru binne na shagonsa yake yi kullum. Amma ya raka ta gida-gida, wasu iyayen suka yarda da ƙyar, tana sa gashin a ambulan tana rubuta suna. Gashi da sunan mai shi! Kafin la'asar Isyaku mai kayan miya, wanda 'ya'yansa uku suka kamu, ya gama sanar da unguwa cewa Halliru ya koma tara wa masu asiri gashi. Manyan da ke ɗan leƙowa jefi-jefi ma suka gudu.

Bayan kwana goma sha biyu Lubabatu ta dawo da wasu 'yan farantai masu murfin gilashi, ta jera a kan benci, ta sa aka kira Isyaku da sauran iyaye. Ta ce makero ɗan'uwan fumfuna ne, irin wadda ke fitowa a tuwon da ya daɗe, kuma duk kayan da ke ɗauke da shi zai tsiro a farantinsa. Na kilifa fes. Na almakashi fes. Halliru ya fara gyara hula yana kallon Isyaku.

"To wannan mai gemun fa?" in ji Isyaku.

Farantin ƙarshe ya cika da wani farin abu kamar auduga.

"Na burushin Baba ne," in ji ta a hankali. "Irinsa ne kuma ya tsiro daga gashin yaran."

Burushin nan mai laushi da shi ya buɗe shago. Kowane kai sai ya kaɗe shi da shi, ya bi da hoda. Bai taɓa ganin ruwa ba, kada ya lalace.

Na ɗauka Halliru zai yi musu. Sai ya cire hula ya ce, "Jama'a, ashe ni ne. Shekara da shekaru ina ƙona mara laifi, mai laifin yana rataye a wuyana. Ku yafe mini."

Isyaku ya daɗe yana leƙen farantin. "Dakta, wato ba asiri a ciki?"

"Akwai, Kawu. Ƙwayar magani ce ta wasu makonni, a asibiti ake rubutawa. Man shafawa kaɗai ba ya kashe makeron kai."

Jajibirin Sallah sai da aka aro benci na biyu, Isyaku ne a gaba da rundunarsa. Yanzu burushi shida ne da Halliru, ana wankewa ana shanyawa. Kafin aski sai ya duba kan yaro, in ya ga tabo ya tura uban asibiti, har da bayani kan fumfuna wanda ba wanda ya roƙa. Matasa sun sa masa Farfesa, yana amsawa.

Ni ma makon jiya ya duba nawa, ya daɗe yana juya shi.

"Lafiya dai, Farfesa?"

"Lafiya lau, Malam. Ko makero ya zo nan, ba shi da wurin zama."