Tsumagiyar da Na Yanko wa Baba

Wata Talata ce da hantsi, a daminar shekarar da aka fara kashe naira, ina 'yar shekara tara, muna 'yar carafke a ƙofar gidan hayarmu na Dakata, sai ga Babanmu ya dawo daga kamfanin jimar fata na Bompai tun jiniyar tashi ba ta yi kuka ba. Yana tangaɗi, ya riƙe kai da hannu biyu. Inna ta tare shi da ruwa a kwano tana tambayar ko lafiya, ya fizgi muciya daga bakin murhu ya sauke mata a dantse, har na ji ƙarar ƙashin daga zaure. Na ruga na riƙe rigarsa, ya maka ni da bango, haƙorina ya faɗo a ƙasa. Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma duk inda na tsaya kuka ne ya tsayar da ni.

Mutumin nan ko kaza ba ya iya yankawa sai ya kira maƙwabci. Ni ce mai kai masa tuwo ƙofar kamfani, in tsallake kwatar da ruwan jima ke gudu ja da baƙi, in toshe hanci saboda wari, shi kuwa ya ajiye mini alewa a cikin hularsa. Amma tun rani yake tashi da ciwon kai da amai kowace safiya, idonsa na hagu ya dushe, yana karo da tulin fatu. Shugaban aikinsu ya ce giya ya koya, a ranar nan aka kore shi. 'Yan gidanmu, leburori daga Haɗeja da Damagaram, suka ce iska ce ta shige shi a bakin kwata.

Su shida suka danne shi, suka ɗaure shi a turke da igiyar ɗaurin fatu. Mai maganin da aka kirawo ya ce sai an dake ta za ta fita, aka aike ni in yanko tsumagiyar tsamiya a bayan gida. Bakina yana jini, zuciyata tana tafasa, na bi reshe reshe na zaɓo masu kauri. Kwana uku ana turara masa hayaƙi ana zane shi, bayansa ya farfashe, ƙudaje suna binsa. A rana ta uku ya ɗago ya dube ni da ido ɗaya ya ce, “Talatu, gaya musu ba a baya yake ba, a kai yake.” Ban gaya wa kowa ba, na koma wajen wasana. Kafin a yanke gero ya rasu, aka binne shi da sunan mahaukaci, ni kuma na daina sa shi a addu'a.

Sai da na yi jikoki, mijina Malam Habu ya fara irin wannan ciwon kai da aman safe, ya fara zagin mutane. 'Ya'yana suka kai shi asibiti aka ɗauki hoton kansa, likita ya nuna mana ƙari a ƙwaƙwalwa, ya ce yakan danne gani, yakan juya halin mutum ba da saninsa ba. Daga kan bencin asibitin na sulale ƙasa ina kiran Baba. Malam Habu ya yi jinya ana jiƙa masa goshi, maƙwabta suna zuwa gaishe shi, har ya cika, hannunsa a cikin nawa.

A da ba mu da hoton kai, igiya muka sani. Yanzu akwai, don haka duk wanda nasa ya canza hali tare da ciwon kai, ina roƙonku ku kai shi asibiti, ku zauna kusa da shi. Ni dai kowace asuba sunan Baba nake fara kira kafin na mijina.