Ranar da Na'ura Ta Hau Wayar Gidanmu

Ranar wata Talata ce da hantsi, shekaru bayan sojoji sun koma bariki. A zauren gidanmu na Dukawuya akwai ni, da yayan mahaifina wanda muke kira Baba, da wani injiniya daga kamfanin wutar lantarki. Gwaggo, ƙanwar Baba, tana cikin gida.

Waya ce ta ƙone daidai saman tsakar gidanmu, unguwa ta daɗe ba wuta. Gwaggo na da ciwon suga, allurarta kuma ba ta son zafi. Tun da firji ya mutu take ajiye ta a gindin randa, ga shi bazara ta kankama.

Injiniyan ya zo da na'urar da ake gwaji, mai hannu biyu da ido ɗaya. Ana ɗora ta kan waya, ta bi da kanta, ta gano ɓarna ta gyara.

A cikin gari, duk namijin da zai hau soro ko falwaya sai an yi shela, mata su shige ɗaki. Don haka Baba ya tambaya wa zai hau.

"Babu mai hawa, Alhaji. Na'ura ce."

"Tana gani?"

"Sosai ma."

"Abin da ta gani, ina yake zuwa?"

Injiniya ya nuna allon gilashin da ke hannunsa. Baba ya ce ashe dai injiniyan ne zai hau, ƙafafunsa kawai ya bari a ƙasa. Baba ya cire hularsa ya kifa wa idon na'urar. Aka ɗora na'urar, ta tsaya cak da hula a ka, kamar mai jiran a ba ta wurin zama.

Daga bayan labule Gwaggo ta ce, "Yaya, maganina zai lalace kuna ɗinka wa ƙarfe hula. Ku miƙo gilashin nan, ni ba sai na ɓoye wa kaina ba."

Haka aka yi. Aka sauke hular, aka aike ni lungu na yi shela, saboda aikin rediyo da nake yi ya sa ana jin muryata. Na ce, "Za a hau!" Ban faɗi wa zai hau ba, don ban sani ba. Injiniya ya juya baya, maɓallin ba da izini a hannunsa. Gwaggo na tsakar gida da allon.

Injiniya ya ɗaga murya, "Hajiya, me kika gani?"

"Rufin ɗakina ya tsage."

"Wayar fa?"

"Tsaya, ɗan nan. La ilaha! Ga turmina a gidan maƙwabta, wanda suka rantse sun dawo da shi!"

Baba ya yi gyaran murya. Can sai ta ce na'urar ta zana jan da'ira a kan wani wuri baƙi ƙirin. Injiniya ya danna maɓalli yana kallon bango. Muka ji ƙarar ƙarfe a sama.

Wuta ta dawo da la'asar, allura ta koma firji. Washegari da safe aka tarar da turmin a ƙofar zaure, an wanke shi tas.