Malam Habu da Bidiyon Saukar Jikarsa

Duk wanda ya zauna da Malam Habu a Daura ya san bai taɓa yarda na'ura ta lalace ba. A wajensa taurin kai kawai take yi, shi kuwa ya fi ta. Tare muka tashi. Ni na bi fatauci har Abijan da Jidda da Caina, shi ya yi aikin gidan ruwa har ya yi ritaya da wata tsohuwar laftof da yake naɗewa cikin tsohon rawani.

A shekarar da yanar ido ta fara rufe masa gani ne 'yarsa Binta, da ke aure a Jidda, ta aiko masa da filash ɗauke da bidiyon saukar Alƙur'ani na jikarsa Hauwa. Bai taɓa ganin yarinyar ido da ido ba, yana so ya ga fuskarta tun idon na gani. Sai dai an ɗauki bidiyon da 4K, wato mai tsananin kyan hoto da nauyi. Da ya kunna, murya ta yi gaba, fuskar Hauwa ta daskare baki buɗe, fankar laftof tana kuka kamar injin markaɗe.

Muka kai wa mai gyara a kasuwa. Ya duba ya ce, “Baba, kayan sun fi ƙarfinta. Sai a rage bidiyon.”

“A rage me?”

“Nauyin hoton, Baba.”

Malam Habu ya naɗe abarsa. “Ba mai rage min jika. Yadda uwarta ta aiko ta, haka zan gan ta.”

A gida na zuba bidiyon a wayata, ya tafi sumul. Ya leƙa sau ɗaya ya turo min. “Alhaji, jikar tawa ce za ka mayar ƙwayar gyaɗa?”

Na ce masa a Caina irin wannan laftof ko 'yan gwangwan ba sa ɗauka. A Jidda ma na ga wadda ta fi ta a bola. Ya ce, “Shi ya sa ban bi ka ba.” Na zauna ina canza manhajar kallo, ina karanta saituna da Turanci, ina tsaki da Faransanci. Ya kalle ni ya ce, “Duk harsunan nan naka, babu wanda take ji.”

Da na gaji na ce, “Habu, tsakani da Allah, ko an rage, idonka ba zai bambance ba.”

“Idona ne ya ragu, ba yarinyar ba.”

Daga nan ya ɗauki lamarin kamar famfon da ya ƙi ba da ruwa. Ya taɓa cikin laftof ɗin ya ji zafi, ya ce zazzaɓi ne. Ya sa aka kwashe bidiyon daga filash zuwa cikinta, aka rufe duk abin da ke buɗe. Ya jira aka kawo wuta ya maƙala caja, sannan ya ɗora ta a bakin randar Inna Rabi, matarsa, don sanyi ya riƙa bugun ƙasanta.

Inna Rabi ta ce, “Malam, mu sha ruwa a ina?”

“Ku je rijiyar Kusugu.”

Wallahi sai ga Hauwa tana karatu, baki da murya a tare. Ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya bi ta da kallo har ta shafa addu'a. Sannan ya goge ido da gefen riga ya ce, “Goshin mahaifiyata ne da ita.” Ya juyo gare ni. “Ka je ka faɗa wa mutanen Caina.”

Kafin damina ta zagayo ganinsa ya tafi, bai daɗe ba shi ma ya bi. Allah Ya jiƙan Habu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sa Alƙur'anin da Hauwa ta karanta ya cece shi. Amin.