Irin Dawa a Jakar Makaranta

Maigidana ya kira ni marowaciya a gaban ƙannensa, kuma har yau bai ba ni haƙuri ba. A kan tiya biyu ta irin dawa ne.

Wanda bai taɓa zama a ƙauyenmu na wajen garin Turawa a ƙarshen bazara ba, ba zai gane ba. Zafi har cikin kan mutum yake shiga. Maza su kasa zama a inuwa, sai leƙen gabas, sai tsaki. Mu mata mu yi ta cacar baki a rijiya a kan guga, abin da in da kaka ne dariya za mu yi. Ni kaina na taɓa share tsakar gida sau huɗu a wuni ɗaya, ba don datti ba, ƙafata ce ta ƙi tsayawa.

A shekarar, ruwa ya yaudare mu sau biyu. Ya ɗan zubo, ƙasa ta yi ƙamshi, gari ya ruɗe, kowa ya saɓi sungumi. Shuka ta tsiro, rana ta ƙone ta. Sau biyu maigidan na kwasar iri, sau biyu yana dawowa ya zauna a zaure, ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa.

Abin da ya rage tiya biyu ce ta kaura, irin da na gada wurin innata. Na ƙulle ta a leda, na cusa a jakar da nake zuwa ajin yaƙi da jahilci da ita, ƙarƙashin littattafai. Na san ko gidan zai kife ba zai taɓa jakar nan ba. Shi ne fa mai yi min dariya, wai tsohuwa da fensir.

Wata Laraba da la'asar aka yi yayyafi. Kafin ya ɗauke, sai ga maigidan ya shigo da sauri, ƙannensa biyu a bayansa.

"Ina irin?"

Na ce, "Malam, wannan ruwan ko kaza bai jiƙa ba."

"To, malamar boko! A allo kika karanto? Gari duk ya fita!"

"Wancan karon ma gari ya fita. Me aka samu?"

Nan ya faɗi kalmar. Ya birkice ɗakina har cikin tukwane, jakar kuwa tana rataye a ƙusa saitin kansa.

Ba zan yi ƙarya ba, ni ma ƙamshin ƙasar nan ya hana ni sukuni. Sau uku hannuna na kai wa jakar kafin magariba. In na hana, ruwa ya ɗore, ni na jawo mana makara. In na bayar ya ƙone, shi ke nan, babu wani.

Washegari da sassafe na ɗauki ƙwarya na tafi gonar ni kaɗai. Na tona da hannu. Danshin bai wuce yatsa biyu ba, daga nan sai busasshiyar ƙasa kamar gari. Na ciko ƙwaryar da ita, na dawo, na ajiye masa kusa da kokonsa.