Mai Ƙarasa wa Yaya Magana

Auta mai aski ne, kuma duk wanda ya taɓa zama a kujerarsa ya san bakinsa ya fi injinsa gudu. Shagon nasa ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin wani bene, tsakanin mai wanki da mai sayar da batir. Madubi ɗaya ne, ya tsage ta kusurwa, sai kujerar da ta daina juyawa hagu, da bencin masu jira, da fankar da ke dawo da gashin da aka share ƙafafun mutane. Kafin ka buɗe baki ka faɗi irin askin da kake so, ya riga ka faɗa. Abin haushin kuma, yawanci daidai yake faɗa.

Ba a sama ya tsinci halin ba. Yayansa mai in'ina ne, in'ina mai nauyi, irin wadda mutum zai kama kalma yana kokawa da ita har jijiyar wuya ta miƙe. Tun suna ƙanana Inna ta ɗora wa Auta aikin zama bakinsa. In an aiki Yaya kanti, Auta na biye da shi. Yaya ya ce "sa... sa...", Auta ya ce sabulu, a miƙo musu su juya. Haka a makaranta, haka a asibiti. Auta yana jin daɗin abin ba kaɗan ba, don ko ba komai, gidan kaf ba wanda ake nema kamar shi.

Da Yaya ya girma ya koyi gyaran famfo, wata rana a gaban wani mai gida da ke tambayar abin da ya sami bututunsa, Auta ya yi caraf zai amsa. Yaya ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ba... bari in ƙarasa." Ya kuwa ƙarasa, yana zufa, mai gidan yana duba agogo. Daga ranar ya sallami Auta daga wannan aiki. Shi yake cinikin kayansa, shi ya nemi matarsa da bakinsa, shi yake rigima da masu ba shi aiki. Auta ya yi dariya ya ce ya huta. Ƙarya yake yi, abin ya yi masa ciwo, bai dai gaya wa kowa ba.

Shekaru suka ja. Auta ya buɗe shago, ya auri 'yar kansilan unguwa, mutum mai tumbi da kirki daidai gwargwado, wanda ya daɗe a kujerar har ya ɗauka tare aka haife su. Sai ga Yaya, da ya gaji da ɗinke bututun da hukuma ta manta da su, ya ce zai tsaya takarar kansila. Unguwa ta yi dariya har da riƙe ciki. Mutumin da kafin ya gama sallama shayi ya huce, shi ne zai yi yaƙin neman zaɓe?

Yaya bai buga fosta ba, bai ɗauki motar lasifika ba, bai raba ko hula ɗaya ba. Inda bututu ya fashe yake zuwa, ko bakin tasha, ya kife bokitinsa ya hau, ya fara magana. Mutane suka fara tsayawa don kallon abin dariya, sai kuma aka ga sun daina dariyar amma ba su daina tsayawa ba.

Hankalin Kansila ya tashi. Ya ɗauko wani mai tsara dabarun zaɓe daga wani gari, siririn mutum da ake kira Mai Tabarau, suka riƙa zama a ofishinsa na saman kantin magani. Auta ya ce shi ba ruwansa da kowane ɓangare, amma suruki ya kira ka, ka ce ba za ka zo ba? Yakan zauna kusa da ƙofa, yana zuba wa manya shayi, kunnensa a buɗe.

Da farko suka turo wani mai barkwanci ya riƙa kwaikwayon in'inar Yaya a kasuwa. Wata tsohuwa ta zabga masa lema a ƙeya, maganar ta zaga gari, Yaya ya ƙara jama'a. Suka sa motar lasifika ta riƙa tsayawa kusa da bokitinsa tana sakin kiɗa. Mutane suka ƙara matsowa jikinsa don su ji, taron ya zama kamar na 'yan gida ɗaya. Kansila ya ce a kira Yaya muhawara a gidan rediyo. Mai Tabarau ya ce, "Ranka ya daɗe, in ka kayar da shi an ce ka ci zalinsa, in ka jira shi an ce ya fi ka. Ka ba ni lokaci in je in gani da idona."

Ya je ya tsaya a bayan taro. Da ya dawo ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya ce, "Duk mun yi kuskure, shi muke kallo. Jama'ar za ku kalla. Yana cewa 'ru... ru...', mata su ce ruwa. Yana cewa 'ya... yaranmu ba su da...', wani ya ce makaranta, wani ya ce magani, ya gyaɗa musu kai duka. Rabin jawabin su suke yi masa. Mutum ya koma gida yana ganin shi ya faɗi maganar, to wa zai ƙaryata abin da ya fito daga bakinsa? Kai kana gaya musu, shi kuwa su suke gaya wa kansu."

Kansila ya ce, "To mu toshe musu baki ne?"

"A'a. Mu samo wanda zai riga su. Ba da izgili ba, ba da ƙarya ba. Wanda zai tsaya gefensa da fuskar taimako, ya ƙarasa masa kowace magana daidai, tun kafin kowa ya yi tunani. Su zama 'yan kallo kawai."

Ba wanda ya ambaci sunan kowa. Kansila dai ya juyo a hankali ya dubi ƙofa. Auta yana nan wurin, riƙe da butar shayi.

"Yaron nan," in ji Kansila, "ban ce ka zagi ɗan'uwanka ba. Taimakonsa za ka yi. Ko taimako ma laifi ne?"

Auta ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, zan yi tunani."

Daga baya ya sha gaya wa kansa cewa kunyar suruki ce ta sa shi, da kuma matarsa da ke kuka tana cewa za a tozarta mahaifinta da tsufansa. Duk akwai wannan. Amma a can ƙasan ransa akwai abin da ya fi su muni, kuma ya sani: yana marmarin tsayawar nan a gefen Yaya, a sake bukatarsa.

Washegari da hantsi ya rufe shago ya tafi bakin tasha. Yaya na kan bokiti, ya hango shi, fuskarsa ta washe kamar ta yaro. Ya ce, "Ga... ga..."

"Ga ƙanena," in ji Auta da ƙarfi. Jama'a suka yi tafi, ai abin sha'awa ne, surukin Kansila ya zo ya tsaya wa ɗan'uwansa.

Wallahi bai taɓa yin kuskure ko sau ɗaya ba. Ya san numfashin Yaya, ya san inda leɓensa ke nufa tun kafin sauti ya fito. Yaya ya ce "bu...", Auta ya ce bututun layin asibiti, ya ƙara da shekarar da aka sa shi. Jawabin da kan ɗauki dogon lokaci ya riƙa ƙarewa nan da nan, tsaf, ba gargada. Matar nan mai sayar da lemo da kullum ita ke fara cewa ruwa, Auta ya gan ta ta buɗe baki, ya riga ta, ta rufe bakin ta gyara ɗaurin zanenta. Kashegari ta tsaya daga nesa. Bayan nan bai ƙara ganinta ba.

Haka taron ya riƙa zubewa, ba faɗa, ba zagi. Mutane su tsaya, su saurara, su ce gaskiya ne, su wuce harkarsu. A shagon aski aka fara tambaya, wai in an zaɓe shi wa zai yi magana a zauren majalisa, shi ko ƙanensa? Mai Tabarau ne ya saki tambayar, amma ba ta bukaci turi ba. Auta ya duƙufa kan askin mai tambayar kamar bai ji ba, abin da ba a saba gani ba.

Sau da dama ya ƙudurta gobe ba zai je ba. Sai Yaya ya biyo ta shagon da bokitinsa ya tsaya a ƙofa yana jiransa. Ranar da Auta ya ce kansa na ciwo, Yaya bai hau bokitin ba sam, ya zauna a benci har azahar ya koma gida.

Kansila ya ci zaɓe. Mai Tabarau ya kama hanyar garinsu, ko sallama bai yi wa Auta ba. Matar Auta ta yi ta murna, shi kuwa abinci ya daina yi masa daɗi. Kullum yana jiran Yaya ya gane, ya zo ya ci kwalarsa ko ya mare shi a gaban mutane. Da hakan ta faru da ya samu sauƙi.

Bayan an kwana biyu Yaya ya zo aski. Shagon ba kowa. Ya zauna, Auta ya yafa masa ƙyalle ya ɗaure a wuya, ya kunna inji. Yaya ya daɗe yana harhaɗa maganar, guntu-guntu, Auta ya danne bakinsa ya bar shi. Abin da ya ce shi ne ya gode. Duk duniya ba wanda ya tsaya masa kamar Auta, ga shi da suruki a ɗaya ɓangaren. Ya ce yanzu ya gane, dā can haƙuri kawai mutane suke yi da shi, tausayi ne, shi ne bai sani ba yana ta wahalar da su shekara da shekaru.

"Ba haka ba ne, Yaya," in ji Auta. "Wallahi ba haka ba ne. Sonka suke yi. Ni ne..."

Yaya ya ɗaga hannu daga ƙarƙashin ƙyallen ya tsayar da shi, yana murmushi, irin na kada ka lallashe ni. Ya ce an kira shi makarantar 'yarsa gobe, shugaban makaranta na son ganinsa. "I... ina so ka... ka ra..."

Auta ya kashe injin. Ya san kalmar. Ya cije leɓe ya rantse a ransa ba zai faɗe ta ba, ko za su kwana a nan, sai Yaya ya fitar da ita da kansa. Ya jira jijiyar wuyan ta miƙe, ya jira kokawar.

Ba ta zo ba. Yaya ya saki kafaɗunsa, ya rufe baki, ya zuba masa ido ta madubi yana jira, hankalinsa kwance. Fanka na ta kaɗawa. Wani ya leƙo ya tambaya ko da layi, ya ga ba a kula shi ba ya tafi.

"In raka ka," in ji Auta.

Yaya ya gyaɗa kai, ya gyara zama don a ƙarasa masa askin.