Baƙo Ba Ya Cire Takalmi

Kafin a haifi ƙanena, Inna ta binne yara uku, duk maza, ba wanda ya kai yaye. Ni kaɗai na tsaya. Matan gidan hayarmu na unguwar Treichville a Abijan suka ce don taurin kaina ne, mutuwa ma ta duba ta ga ba za ta iya da ni ba. Da na ukun ya rasu, wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ɗan tsaga masa kunnen hagu da reza kafin a kai shi. Ta ce ɗan wabi ne, yaro ɗaya ne yake ta zuwa yana komawa, gara a yi masa shaida. Ina bayan labule na gani.

Da aka haifi ƙanena, kunnensa na hagu da 'yar tsaga. Yau na san ana haifar yara da yawa haka. A ranar kuwa tsakar gida ya yi tsit, har mai tara ruwa a famfo ta bar bokitinta yana ta zuba.

Tsohuwar ta ba Inna dabara: kada ta kira shi da sunan yanka, kada ta ce nata ne, kada ta nuna tana so, don kada masu jiransa a can su ji su zo ɗauka. Sai aka riƙa ce masa Baƙo. "A ba baƙon nan abinci," haka Inna take cewa, tana kallon bango. In ya faɗi ya fasa gwiwa, ni take turawa in ɗaga shi, ita kuma ta damƙe bakin zaninta da yatsunta gam. Ni na ga son da take masa. Shi bai kai ganin yatsu ba.

A farkon shekarun saba'in, yana ɗan shekara huɗu, ya daina cire takalmi. A bakin ƙofa yake cin abinci, ƙafa ɗaya a waje. Da rana tsaka, in jirgi ya yi kuka daga tashar ruwa, sai ya miƙe ya ɗauki ɗan kofinsa ya je ƙofar gida ya tsaya. Ba kuka, ba magana. Wata rana na tambaye shi me yake jira.

"Yaya, yaushe za su zo?"

"Su wa?"

"Masu ni."

Na finciko shi ciki na zabga masa rankwashi. Abin da na iya ke nan a lokacin.

Wannan tambayar tasa ce ta kai ni jami'a, ta kai ni Faransa, ta dawo da ni Abijan ina binciken lafiyar ƙwaƙwalwar yara da abin da ƙuruciya take bar wa mutum har girmansa. Dangi suka laƙa mini "dokotoron yaran da ba sa ciwo". Ban damu ba.

Na dawo a ƙarshen shekarun tamanin na tarar da Baƙo ya zama saurayi, yana gyaran rediyo a kasuwar Black Market ta unguwar Adjamé. Hannunsa na da kyau, amma ya ƙi kama shago, ya ƙi kama ɗaki, yau ya kwana wurin wannan aboki gobe wurin wancan. Wata yarinya mai sayar da aceke, wato dambun rogo, a wajen silimar Roxy ta so shi so na gaske. Ya ce mata ta yi haƙuri, shi ba daɗewa zai yi ba. Ko a masallaci, takalminsa na gefen goshinsa.

Na je na sa Inna a gaba. Na yi mata bayani da Hausa, da Hausa ta ƙare mini na haɗa da Faransanci. Na ce kalmar nan ta "baƙo" ce ta hana shi zama a duniya.

"Ke dai da surutu," in ji ta. "Ya rayu ko bai rayu ba?"

"Ya rayu, Inna. A bakin ƙofa."

 Sannan ta ce in kawo shi.

Ran Juma'a bayan an sauko daga babban masallaci na zo da shi. Ya zauna inda ya saba. Inna ta shimfiɗa tabarma a tsakiyar ɗaki, ta dube shi ido cikin ido, abin da ban taɓa ganin ta yi ba, ta kira shi da sunan yankansa.

"Shigo, ɗana. Cire takalmin. Nan gidanku ne, ni na haife ka."

Ni har na fara hawayen murna. Shi kuwa fuskarsa ta yi fari fat. Ya waiga tsakar gida, ya waiga ƙofar waje, ya sa hannu ya rufe kunnensa na hagu.

"Inna, me kika yi?" ya ce a hankali. "Kin faɗa da ƙarfi. Yanzu sun ji."

Ashe ya sani. Tun tuni ya san dalilin shirunta, kuma shirun nan shi ne kaɗai abin da yake ganin yana tsare shi. Ya tashi ya je ƙofar gida ya tsaya, hannuwa a saki, kamar lokacin da yake riƙe da kofi. Har aka kira la'asar yana nan. Inna ba ta yi mini faɗa ba, naɗe tabarmarta kawai ta yi.

Ba wanda ya zo. Yana nan da ransa har yau, da furfura, yana ci a bakin ƙofa. Na koyar da ɗalibai, na yi rubuce-rubuce a kan yara irinsa, na san babu masu jiransa ko'ina. Amma tun daga ranar ban sake iya furta sunansa na yanka ba. In ya zo gaishe ni, sai in ji bakina ya ce, ƙasa-ƙasa, a ba baƙon nan ruwa.